Ɗamarar da ke cikin adakar Kaka

A gidan kakata ta wajen uwa, a wani ƙauye yamma da Damagaram, akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda ba a buɗe ta sai da dalili. Tun ina ƙarami na san abin da ke can ƙasanta, ƙarƙashin zannuwan da Kaka ta daina ɗaurawa: wata baƙar ɗamara ta fata mai faɗi, irin wadda muke ce ma santir, da ƴar jakar harsashi guda, da wani goran ruwa na ƙarfe mai baki biyu wanda tsatsa ta huda gindinsa. Tun ina ƙarami kuma na san labarinsu, don babu sunan da za a yi ko biki a gidan nan da Kawu bai ba da shi ba. Wai kakan Kaka yana cikin mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga ranar Tirmini, ya kā da wani sojan Nasara, ya kwance masa ɗamara, ya taho da ita gida. Da wannan labari na girma. Na ba da shi a filin lakwal, na ba da shi a lise, har na taɓa cin mutuncin wani abokina da shi don kakansa ya yi aikin bariki.

A hutun bara ne wani dillali, irin masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin takubba da sirada, ya ji labari ya zo. Ya juya ɗamarar, ya shinshina, ya taya jika arba'in. Kawu ya ce kayan 1899 ba a sayar da su kuɗin akuya, ya koma ya ƙaro. Da mutumin ya tafi Kawu ya kira ni ya ce: "Kai da kake karatun tarihi, rubuto mini takarda da Faransanci, ka faɗi shekarar abin nan da yaƙin da aka samo shi. In ya ga takarda sai ya ninka." Na ce to, Kawu. A raina aikin yini guda ne. Sai da ya ci mini hutun duka.

Na fara da abin da yake tabbas. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa, abin da ta yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba. Ranar 14 ga Yuli suka harbe Kanal Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Dankori wajen Tasawa, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu na kansu suka kashe su a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar ce, ƙarƙashin Laftanan Pallier, ta haɗu da dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, ta kuma shiga birni. Wato dai ranar Tirmini ranar karyewa ce gare mu. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɗan dakata: wanda ake kora da ruwan harsashi, yaushe ya sami sukunin durƙusawa ya kwance ɗamara daga ƙugun gawa, har ya haɗa da goran ruwa? Amma yaƙi wurin abin mamaki ne, na ce bari in bar wannan, in tambayi kayan da kansu.

Wanda ya fara buɗe mini ido bai taɓa riƙe littafin tarihi ba. Wani tsohon baduku ne a Birni, wanda mahaifina ya saba kai wa gyaran kube. Na miƙa masa ɗamarar ban ce komai ba. Ya lanƙwasa ta a hankali kusa da kunnensa, ya duba gefen da wuƙa ta yanka, ya ce: "Wannan kirgin saniya ne, amma ba jimarmu ba ce. Ta bagaruwa ba ta tsayawa ƙyam haka. Ta ƙasar Nasara ce." Ya yi gaskiya: kayan sojan Turai na wancan zamani da ɓawon itace ake jeme su, a daɗe ana jiƙo, shi ya sa suke da kauri da tauri, kuma cikin yankan nasu ruwan ƙasa ne har tsakiya. Fatar da aka jeme da sinadarin kurom, irin ta yawancin santir ɗin kasuwa na yau, in ka yanka za ka ga tsakiyarta toka-toka mai ɗan shuɗi. Har nan ina murna, tunda dai ta Nasara ce.

Sai tsohon ya sa babban yatsa ya tura ƴar zoben fatar nan da ake cusa wutsiyar ɗamara a ciki. Ta daɗe ba ta motsa ba, da ƙyar ta matsa. Ƙarƙashinta fatar ba baƙa ba ce. Ruwan ƙasa ce mai haske, kamar bayan barewa. Ya ɗaga kai ya dube ni.

"Ɗana, wa ya shafa mata kuloko?"

Na ce, "Baba, mi ne ne kuloko?"

Ya yi dariya ya ce ga ƴan lakwal nan. Kuloko shi ne baƙin da dukawa ke haɗawa da ƙarfe su rina fata. Ya nuna mini yadda baƙin ya tsaya a saman fatar kawai, da yadda ya taru a bakin ramuka, da wurin da mai shafawar ya yi gaggawa ya tsallake bayan kan ɗamarar. Ya ce wanda ya yi aikin ma ba baduku ba ne, wani ne ya roƙi kuloko ya shafa a gida.

A lokacin ban gane nauyin maganar ba. Sai da na koma ga littattafan kayan soja, da hotunan da na tara a salula, na ga cewa launi shi ne babban shaida na farko. Har zuwa 1914 kayan fata na sojan Faransa baƙaƙe ne, ana goge su da baƙin mai. Yaƙin duniya na farko ne ya canja wannan: aka tara mutane miliyoyi, babu lokacin rini, kuma an fara neman launin da ba ya ɗaukar ido, sai daga ƙarshen 1914 aka koma barin fata da launinta na jima, wanda suke kira fauve. Sojan da ya tsaya a Tirmini a 1899, in dai kayan gwamnati ne a ƙugunsa, baƙa ya ɗaura. Tamu kuwa da ruwan ƙasa aka haife ta, baƙin daga baya ya zo.

Kan ɗamarar ma bai taimaki Kawu ba. Murabba'i ne buɗaɗɗe mai haƙora biyu, ramukan fatar kuma layi biyu suke tafiya, biyu-biyu. Faɗinta na auna da ƴar rigar lissafi, santimita biyar da rabi. Wannan shi ne samfurin da sojan Faransa suka ɗauka a 1903. Kafin shi, yawancin sojan ƙasa wani faranti ne na tagulla, rufaffe, suke maƙalawa a ciki. Idan samfurin 1903 ya zo da fata ruwan ƙasa, masana suna ce masa 1903/14. Na ciro mayen ƙarfe daga cikin wata matacciyar rediyo na kanga: bai kama ba, tagulla ce. Koren da ya taru kamar kakin zuma inda ƙarfen ya taɓa fata ma ya shaida haka, don baƙin ƙarfe ja yake tsatsa. Badukun ya ce irin wannan koren ne iyayensu ke nema da gangan, su kankare tagulla su haɗa su yi tsanwar fata. A lokacin yaƙin 1914 an yi kawuna da yawa da baƙin ƙarfe, saboda tagulla ta tafi wajen kwanson harsashi, amma wannan bai hana a ci gaba da yin na tagulla ba, kafin yaƙin da bayansa. Don haka mayen ƙarfe bai ba ni shekara ba, ya dai gaya mini da mi aka yi abin.

A nan ne zan ɗan tsaya, ƴan uwa, don kuskuren da na kusa yi shi ne wanda kowa ke yi. Da na ga 1903/14 sai na yi tsalle: ashe ta yaƙin farko ce! Na fara tunanin Kawusan da ya kewaye Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da sojojin da aka bi da su ta Zinder za su arewa, da ɗaukar soja ta Blaise Diagne a 1918. Na ce ko ba Tirmini ba, ai wannan ma labari ne mai tsada. Amma shekarar samfuri abu ɗaya take faɗa maka: abin nan bai riga wannan shekara ba. Ba ta faɗa maka ranar da aka daina yin sa, balle ranar da aka daina ɗaura shi. Wannan ɗamara dai ita sojan Faransa suka shiga yaƙin 1939 da ita. Kuma abin da ya tsufa a Faransa nan ake turo shi. In soja suka gama da shi ya gangara ga gardi da gumiye, in su ma suka gama ya faɗa hannun maharba da direbobi. Rundunar ƙasarmu da aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961 ita ma da ragowar kayan Faransa ta fara. Goran ruwan nan mai baki biyu, mai cin lita biyu, samfurin 1877 ne. Da shi kaɗai na samu, da na rantse Kawu yana da gaskiya, alhali an yi ta raba irinsa har 1940. Jakar harsashin ma haka: irin waɗanda soja ke ɗaura uku ne, biyu gaba ɗaya baya, da maratayi ta kafaɗa, tun zamanin bindigar Lebel ta 1886 har zuwa ta Berthier, wadda aka yi wa sojan Afirka samfurinta na musamman a 1907. Jakar da ta yi shekara hamsin ana yayinta ba za ta zaɓa maka rana guda ba.

Ɗinki ma haka ya yaudari tsohon badukun, kuma nan ne kaɗai na fi shi. Ya ga layin ɗinkin jakar ya miƙe sak, tazara ɗaya, ya ce na keke ne, don haka ba tsoho ba ne. Amma keken ɗinkin fata ya riga Tirmini zuwa duniya da shekaru masu yawa. Abin da zare ke iya faɗa shi ne akasin haka: in ka kanga wuta a ƙarshensa ya narke ya dunƙule, leda ce, kuma zaren leda bai shiga kasuwa ba sai ƙarshen shekarun 1930, wurinmu kuwa can baya sosai. Na gwada wani ɗan silin da ya riga ya warware, ya ƙone ya zama toka. Kada wanda ya ji wannan ya je ya cinna ma kayan gidansu ashana. Sili guda ya isa, shi ma wanda ya saki da kansa.

Abin da ya yanke magana a bayan ɗamarar yake, ɓangaren da ke taɓa jiki. Sojan Faransa ba sa karɓar kaya daga hannun ɗan kwangila sai an buga hatimi: na wanda ya yi, da na kwamitin da ya duba ya karɓa, sau da yawa har da shekara. Da rana na duba ban ga komai ba sai dauɗa da gumin shekaru. Wani malaminmu ya ce in jira dare, in kwantar da fitilar salula a gefe, hasken ya bi fatar a kwance. Na yi haka a ɗakin Kaka bayan lisha. Sai ga wani zagaye mai kamar ƙwai ya fito, tawadar ta kusa ƙarewa amma matsin ya bar gurbi. Harufan sun tafi. Lambobi uku sun tsaya: 1, 9, 3. Na huɗun ya goge. Ko mi ne ne shi, tsakanin 1930 da 1939 aka karɓi wannan ɗamara. Ranar da aka yi Tirmini, saniyar da aka yi ta da fatarta ba a haifi kakarta ba.

Kusa da wutsiya kuma ga lambobi jeri biyu da baƙar tawada. Na sama an ja masa layi an soke. Na ƙasa yana nan, lamba huɗu, ana karanta uku na ƙarshe. Lambar soja ce, matirkil, wadda ake rubuta wa mutum a kan kayansa don in ya ɓatar a san wanda za a kama. Mutum biyu ke nan suka ɗaura ta a hukumance, ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in kai ga wannan dare na ɓata kwanaki ina kawar da wasu zato, kuma zan faɗe su a gurguje don wanda ke da irin wannan adaka a gidansu. Mu nan iyaka ce, kayan Ingilishi sun shigo ta Daura da Katsina da Kano, kuma mutanenmu da dama sun ƙetara sun yi soja a can, wasu har Bama. Na Ingila ba wuyar ganewa: tun 1908 suka koma saƙaƙƙen zare mai kauri maimakon fata, aka sake samfuri a 1937, kuma kayan gwamnatinsu suna ɗauke da wata alama kamar kan kibiya ko sawun tsuntsu. Ɗamarar fata mai maratayi guda da ke gilma ƙirji, wadda ake kira Sam Browne, ta hafsoshi ce, ita ce kuke gani a tsofaffin hotunan joji da ƴan sanda. Na Amurka ma zare ne, da ƙananan idanu na ƙarfe a jere da harufan US. Daga 1943 aka raba su ga sojan Faransa da ke Afirka ta Arewa, da su aka sauka a kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944. Amma kaɗan ne suka iso gida, don kafin ƙarshen wannan shekara aka janye baƙaƙen soja daga fagen daga, aka tuɓe musu kayan aka ba samarin Faransa. A ranar 1 ga Disamba ta shekarar ce kuma aka harbe waɗanda suka nemi haƙƙinsu a Thiaroye kusa da Dakar. Waɗanda suka yi Andoshin da Aljeriya kuwa, ko dai fatar samfurin 1945 wadda ta fi tamu siranta, ko koren zare na shekarun 1950. In ka ga anka irin ta jirgin ruwa a maɓalli ko a goshin kwalkwali, ta rundunar mulkin mallaka ce, wadda tirayar suke ciki. Sunan "Sanigal" da aka laƙa musu tun da Faidherbe ya kafa su a 1857 bai nufin komai game da garin mutum. Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe duk da shi aka kira su.

Akwai kuma abin da babu littafin da ya yi bayaninsa, don ba a Faransa aka yi shi ba. A cikin ɗamarar, daidai inda za ta zauna a kan ƙugun hagu, an ɗinke wata ƴar laya da jar fatar akuya, rinin karan dafi, da siririn zaren fata. Badukun da ya gan ta ya yi murmushi ya ce wannan kam tamu ce. Ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba. Ramukan ma suna da nasu bayani. Biyu-biyun da injin ya huda zagaye suke, sumul. Akwai wurare biyu da haƙoran suka ja fatar har ramin ya yi tsawo: ɗaya can ciki, ƙugun saurayi siriri, ɗaya kuma kusa da wutsiya. Bayan wannan na biyun sai ga wasu ramuka biyu da aka huda da ƙusa mai zafi, bakinsu a ƙone. Mai ita ya yi ƙiba har ɗamarar gwamnati ta kāsa masa. Na daɗe ina kallon waɗannan ramuka. Wane talaka ne a ƙauyenmu, a shekarun 1940 da 1950, yake ƙara ƙiba?

Washegari da hantsi na sami Kaka tana tsince wake a inuwar rumbu. Tsakanina da ita wasa ne, ita ce matata tun ina cikin zane.

Na ce, "Amarya, zan tambaye ki wani abu, kada ki kore ni."

Ta ce, "Mai gidan da ba ya cefane, mi kake so?"

Na ce, "Santir ɗin nan, wa ya shafa mata baƙi?"

Hannunta ya tsaya cikin faifan. Ta daɗe ba ta ce komai ba, har na yi nadamar tambayar. Can ta ce, "Wa ya hwaɗa maka?" Na ce babu kowa, fatar ce. Ta ce in riƙe mata faifan. Ta shiga ɗaki, na ji tana sauke kwanonin jerenta, ta fito da wani ƙullin tsumma. A ciki wani ɗan faranti ne na farin ƙarfe, bai kai tafin hannun jariri ba, da tsaga a tsakiya da guntun sarƙa. Na san shi daga hotuna: shaidar soja ce ta samfurin 1918, wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu. An yi mata tsagar ne don in mutum ya faɗi a karya rabi a kai ofis, rabi ya bi gawa. Tamu ba a karya ba. An buga suna da harufan Nasara, an karkata shi yadda kunnen magatakarda ya ji, sai 1937, sai lamba huɗu. Ukun ƙarshe su ne na bayan ɗamarar.

Sunan mahaifinta ne.

Abin da ta ba ni a wannan hantsi ban taɓa jin ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. Tun dokar 1919 ake ɗaukar soja kowace shekara, na shekara uku, kuma hakimi da mai gari ne ke kawo samari gaban likita. Kowa ya san ɗan wa ake kaiwa da ɗan wa ake ɓoyewa. Mahaifinta maraya ne a gidan baffansa, shi aka miƙa. Wanda aka ɗauka a 1937 kuwa, kafin wa'adinsa ya cika yaƙi ya tashi. Da ya komo bai tarar da gona ba, an raba. Yana jin Faransancin bariki, yana da takardar sallama mai kyau, sai kumandan ya ɗauke shi gardi. A wannan aiki ya yi sauran ƙarfinsa. Shi ke rakiyar masu karɓar haraji. Kafin a soke aikin tilas a 1946, shi ke tattara mutanen da za su yi hanya. Kaka ta ce ita ba ta ga wannan ba, ba a haife ta ba, amma ta ga na haraji da idonta: ta ga an zaunar da dattijo a rana, ta ga ubanta tsaye a kansa da jar hula da wannan santir, kuma dattijon nan baffan nasa ne, wanda ya miƙa shi. Ta ce a gida mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, shi ke kawo musu sukari da burodi daga Zinder. Ta ce a rijiya kuwa, in ta iso, mata sai su yi shiru.

Ya rasu ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai. Yayanta namiji, wanda ke neman aure a lokacin kuma an hana shi sau biyu saboda "ɗan gardi ne", shi ya samo kuloko. Kakansu dai da gaske ya je Tirmini, wannan kowa ya sani, da kwari da baka ya tafi, ya dawo da rai. Sai yayan ya ɗauki kayan uban ya rataya ma kakan. Waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru, ko don kunya ko don tausayi, suka mutu ɗaya-ɗaya. Kawu da aka haifa bayan haka bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Abin da aka ba shi yake bayarwa.

Na tambaye ta ko ya taɓa karɓar fansho. Ta ce yana zuwa Zinder da wani karne, ya dawo yana faɗa. Wannan ma ya yi daidai da abin da aka sani: a ƙarshen 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci, ya tsaya cak inda yake, na takwarorinsu Faransawa yana ta hawa. Karnen gara ta cinye shi tun tuni.

Ban ce gardi mutanen kirki ne ba, kuma duk wanda kakansa ya sha bulalar dorina yana da haƙƙin ya tsani wannan hula. Amma na lura da wani abu tun daga ranar. A gidajenmu, kowa jikan wanda ya yi tsayayya ne. Ban taɓa jin wanda ya ce shi jikan gardi ne, ko na tafinta, ko na mai garin da ya miƙa maraya ba, alhali mulkin da ya yi shekara sittin da ƴan tsirarun Nasara a ƙasa mai faɗin tamu, da hannun wa aka yi shi? Abokin nan nawa na lise da na ci wa mutunci, na neme shi a salula na ba shi haƙuri. Ya ce shi ya ma manta. Ban yarda ya manta ba.

Saura Kawu. Kwana uku ina juya yadda zan faɗa masa. A ƙarshe na kai masa ɗamarar da dare, na kwantar da fitila, na nuna masa 1, 9, 3, na tura zoben fatar ya ga launin da ke ƙasa, ban ambaci farantin ba don wannan ba nawa ba ne in faɗa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Ku ƴan boko, in an ba ku tuwo sai kun tambayi wa ya noma dawar." Ya tashi ya shiga wurin uwarsa. Sun daɗe. Da ya fito bai dube ni ba, ya hau babur ya tafi.

Dillalin ya dawo ranar kasuwa da jika sittin. Kawu ya ce masa an fasa. Mutumin ya matsa, Kawu ya ce kayan gado ne, kuma mai su tana raye. A sunan da aka yi a gidan bayan ƙaramar salla, na zauna kusa da shi ina jira. Aka ci, aka sha shayi, wani ya tsokano zancen Nasara, Kawu ya ce shayin nan ya yi sanyi, a sake ɗorawa.

Ranar da zan komo makaranta Kaka ta sa na yage takarda daga kayena, ta ce in rubuta sunan ubanta daidai, yadda ake kiransa a gida, ba yadda aka karkata shi a farantin ba, da boko da ajami, in sa sunan garinsu da shekarar da na karanta. Na rubuta. Ta naɗe takardar da farantin cikin jakar harsashin, ta mayar ƙasan adaka. Na ce mata zan rubuta labarin abokaina su karanta. Ta ce in rubuta, amma sunan ya tsaya cikin adaka sai bayan ranta.